Shagon ƙofar gidana na sayar da giya har ƙarfe biyun dare: takardar kansul ta ba shi wannan dama?

Tambaya: Ina da gida a Agege, cikin Legas, mai shaguna biyu a gaba. Ɗaya na ba wani haya shekara uku da suka wuce, yana tireda: madara, sukari, burodi, ruwan leda da lemo. Tun bara ya ƙaro firij ya fara sa giya. Yanzu ba ya rufewa sai ƙarfe biyun dare, mutane na zaune a ƙofa suna sha, ga kiɗa, ga fitsari a jikin katanga. In za mu fita sallar asuba sai mun tsallake kwalabe. Da na yi masa magana sai ya ɗauko takarda ya ce kansul ce ta ba shi lasisi, ba wanda ya isa ya hana shi. Shin gaskiya ne? Wa ke ba da lasisin, kuma ya haɗa da sayarwa cikin dare? Me ya kamata in yi?

Amsa: Alhaji, rabin maganar ɗan hayarka gaskiya ce, sauran rabin kuma cika baki ne.

Gaskiyar ita ce lasisin sayar da giya aikin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci ba da lasisin sayar da barasa da sa ido a kansa, a jeri ɗaya da kula da shaguna, kes-kes, gidajen abinci da gidajen burodi. Dokar haraji ta tarayya ta 1998 ta sa kuɗin wannan lasisi cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa, haka ma dokar da jihar Legas ta yi a 2010, zamanin Gwamna Fashola, wadda ta ƙayyade kuɗaɗen da kansul ke da ikon karɓa. Saboda haka sayar da giya ita kaɗai ba laifi ba ne a Legas. Wanda ya taso a Kano ko Gusau, inda Hisba ke kama motar giya ta farfasa kwalabe, yakan ji abin banbaraƙwai, amma bambancin tsoho ne. Tun dokar barasa ta Turawa ta 1917 aka raba ƙasar: Arewa ta faɗa yankin da aka hana ko aka taƙaita, Legas kuwa yankin da ake sayarwa da lasisi. Wannan ya shafi yadda za ka shigar da koke. In ka je sakatariya ka ce mutumin nan na sayar da haram a ƙofar gidanka, za a saurare ka da ladabi a ba ka kujera, ka tashi hannu rabbana, domin babu sashen da aka ɗora wa wannan aiki. In kuwa ka ce yana gudanar da mashaya da lasisin da ba na mashaya ba, to ka shigo layin da ma'aikaci zai iya buɗe fayil a kai.

Cika bakin kuma shi ne cewa takarda ɗaya ta ba shi damar yin duk abin da ya ga dama, a duk lokacin da ya ga dama.

Lasisin giya aji-aji ne. Akwai na sari, na otal, na kulob, na wucin gadi da ake karɓa don biki, sannan akwai guda biyun da suka shafe ka. Na farko na saya-ka-tafi ne, a takarda za ka ga an rubuta kalmar "off". Mai shi zai sayar maka da kwalba ko gwangwani a rufe, ka sa a leda ka yi gaba, ba a buɗewa a wurin. Shi ne irin na manyan kantuna da shagunan tireda. Na biyu na sha-a-nan ne, ana rubuta "on", shi ne na mashaya, inda ake zama a sha. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma abin da ake bukata a wurin ba ɗaya ba ne, don wurin da za a tara mutane suna shan abin da ke cika mara dole a tambayi ina ban ɗakinsa yake. Shagon tireda mai faɗin ƙafa goma, da ba shi da ko ƙofar baya, da wuya ya cika sharaɗin mashaya. Fitsarin da kake gani a katangarka shaida ce da kanta cewa ana yin sana'ar da wurin bai dace da ita ba.

Ka tsaya daga nesa da misalin sha ɗayan dare ka duba da kyau. Akwai benci? An kifa kiret-kiret na kwalabe an mayar da su kujeru? Akwai mabuɗin kwalba da aka ɗaure da igiya a hannun firij, da kofunan roba a gefen teburin ciniki? Ana mayar masa da kwalaben da aka shanye nan take yana jerawa a kiret? Mai lasisin saya-ka-tafi ba shi da abin yi da mabuɗin kwalba. Sau da yawa mai shago zai ce ai ba cikin shagonsa suke sha ba, a bakin titi suke, shi ba ruwansa. Wannan hujja ba ta da ƙarfi in bencin nasa ne, ƙwan lantarkin da ke haska wurin daga shagonsa aka ja, sifikar ma tasa ce. Ko da an yarda da ita, ta jefa shi cikin wani laifin, wato baza kasuwanci a kan kwata da gefen titi, abin da jami'an tsabtar muhalli na jiha, waɗanda har yanzu ake ce wa 'yan KAI, ke kamawa kullum.

Yanzu ita takardar da ya nuna maka. Ka sake neman gani, cikin lumana, ka ɗauki hotonta da waya. Takardu uku ne mutane ke haɗawa su kira lasisi. Akwai takardar neman biya, wadda ma'aikatan haraji ke rabawa shago-shago a farkon shekara, tana cewa ana bin ka kaza. Ita ba ta nuna an biya komai ba. Akwai rasit, mai nuna an biya. Sai kuma lasisin kansa, mai ɗauke da sunan mai shi, adireshin shagon, ajin lasisin da shekarar da yake aiki. Mafi yawan abin da masu tireda ke ajiyewa a durowa ɗaya ne daga biyun farko. Wani ma rasit ɗin kuɗin shago ne kawai, ko na rediyo da talabijin, sai ya ɗaga maka shi daga nesa, ka hango tambarin kansul ka yi shiru.

Abubuwa huɗu za ka duba. Shekara, domin lasisin na shekara-shekara ne, na bara ya mutu. Adireshi, domin lasisi na bin wuri ne: wanda aka ba wa don wani shago a wani layi ba zai ɗauko shi ya rataya a naka ba. Aji, ko "on" ne ko "off". Sai sunan hukumar da ta bayar, kuma a nan Legas na da nata rikicin. Ƙananan hukumomin da tsarin mulki ya sani 20 ne, amma a 2003 gwamnatin Tinubu ta ƙirƙiro wasu 37 da ake kira LCDA, wato yankunan raya ƙasa masu aiki kamar kansul, jimilla 57, kowacce da ciyaman ɗinta da masu karɓar harajinta. Abin da baki ke kira Agege ya rabu tsakanin ƙaramar hukumar Agege da Orile-Agege. Haka mutumin Mile 12 zai ce shi ɗan Kosofe ne, alhali ofishin da ke karɓar kuɗin shagonsa na LCDA ne. A layukan da ke kan iyaka, mai shago kan biya wanda ya riga zuwa ko wanda ya fi sauƙi, ya zauna da takardar hukumar da ba ta da iko a wurin. Kai ma ka tabbatar da wadda gidanka ke ƙarƙashinta kafin ka kai koke, kada ka yi wata biyu kana zarya a sakatariyar da ba taka ba.

Ƙa'idar samun lasisin ba ta da wuya. Mai shago ya rubuta takardar nema zuwa sashen kuɗin shiga na kansul, ya faɗi irin lasisin da yake so. Duba-gari, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole, su zo su ga wurin: tsabta, iska, kwata, wurin zubar da shara, ban ɗaki in mashaya ce. A yanka masa kuɗi gwargwadon aji da girman wurin, kuma kuɗin ya bambanta daga wannan kansul zuwa waccan, na Ikoyi-Obalende ba zai zama na Agege ba. Ya biya a asusun banki na hukumar, ya kawo shaida, a ba shi rasit da lasisi. A aikace kuwa abin yakan zo ne a juye. Mutum ya fara sayarwa ba tare da ya tambayi kowa ba, masu karɓar haraji su zo zagaye su leƙa firij su ga kwalabe, su ƙara masa layin kuɗin giya a takardar neman biya, a yi ciniki a tsaye, ya biya. Ba wanda ya zo duba wuri, ba wanda ya tambayi maƙwabta, ba wanda ya tambaye shi ƙarfe nawa yake rufewa. Kansuloli da yawa na kallon lasisin a matsayin hanyar kuɗin shiga kawai, wasu ma 'yan kwangila suke ba wa aikin karɓar, su kuma kasonsu na ƙaruwa ne da yawan shagunan da suka biya. Wanda cin abincinsa ya dogara da shagon ya ci gaba da sayarwa ba shi ne zai zo ya rufe shi ba. Wannan ne ya sa koke ba ya tafiya in ka kai wa mai karɓar haraji. Ka kai wa ofishin ciyaman, da kwafi ga shugaban sashen kiwon lafiyar muhalli da kuma sashen shari'a na kansul ɗin.

Batun dare kuwa, biyan kuɗin lasisi daban, izinin kaiwa ƙarfe biyu daban. Tun daga tsohuwar dokar Turawa, tsarin lasisin giya ya ginu ne a kan cewa kowane aji na da lokutan sayarwarsa, otal da kulob sun fi sarari, kuma mai son wuce lokaci sai ya nemi ƙari. Don haka in ya ce an ba shi dama har dare, nauyin nunawa na kansa: ina aka rubuta? Kai kuma ka nemi sashen shari'a na kansul su ba ka kwafin dokarsu ta lasisin giya, ka karanta abin da ta ce kan lokaci da sharuɗɗa da hanyar soke lasisi. In sun yi maka yawo da hankali, rubuta buƙatar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Sai dai kada in ɓoye maka, kansul a Legas ba ta da ma'aikatan da ke zagaye da agogo da tsakar dare. Ofishinta na tashi da yamma. Abin da ke rufe irin waɗannan wurare da dare, a mafi yawan lokuta, dokar hayaniya ce.

Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ita ke da wannan. A unguwar zama, iyakar ƙarar da ta amince da ita, a ma'aunin sauti na desibel, 55 ce da rana, 45 da dare. Don ka gane ƙanƙantar 45: hirar mutum biyu a tsaye ta kai wajen 60. Ke nan sifika da ƙaramin janareta da mutum goma masu gardamar ƙwallo sun wuce iyaka nesa ba kusa ba. Hukumar na karɓar koke daga jama'a, takan aiko da gargaɗi ko ta kira ɓangarorin biyu zama, in aka ƙi ji ta zo ta garƙame wurin, kuma ta sha yin hakan ga mashayu, otal-otal da wuraren ibada. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi a zuciya. Dokar ba ta san addini ba, kuma ranar da kuka kira LASEPA layinku, in lasifikar masallacinku na kwana tana tashi da ƙarfi, mai shagon zai nuna ta. Gara ku rage murya tun kafin a zo. Akwai manhajojin auna ƙara a waya. Ba su kai na'urar hukuma daidaito ba, ba kuma za a yanke hukunci da su ba, amma hoton allon waya mai nuna 70 da ƙarfe ɗaya da rabi, wanda aka ɗauka daga tagar ɗakin kwana, yana sa ma'aikaci ya ɗauki takardarka da muhimmanci.

Akwai wasu igiyoyin da za a iya ja, gwargwadon yadda wurin yake. Dokar zirga-zirgar ababen hawa ta Legas ta 2012, wadda wata sabuwar doka ta maye gurbinta a 2018, ta hana sayar da giya da haɗe-haɗen magungunan gargajiya cikin tazarar mita 100 daga tashar mota ko matsayar bas, saboda direbobi da ke kurɓar paraga, wato giyar da aka haɗa da magungunan gargajiya, kafin su kama sitiyari. In gidanka na kusa da matsaya, auna tazarar da ƙafa, taku 130 zuwa 140 na babban mutum ya yi kusan mita 100. Sai giyar leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. A Disamba 2018 hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, da masu masana'antu suka yi yarjejeniyar daina yin su cikin shekara biyar, hukumar ta fara aiwatar da hanin a Fabrairu 2024, aka yi ta ja-in-ja har aka ɗage wa'adin zuwa ƙarshen 2025. Dalilin hanin shi ne araha da sauƙin ɓoyewa: yaro ɗan makaranta zai sa leda a aljihu ba wanda ya sani. In kana ganin ana miƙa wa yaran da ba su kai 18 ba, ko ana aiko ƙananan yara sayowa, ka sa shi a sahun gaba na kokenka, don wannan ba ya buƙatar dogon bayani a gaban kowane jami'i. Haka in yana ɗura ogogoro, wato giyar da ake dafawa a gida, daga jarka zuwa gorar ruwa, ba lamba ba tambarin NAFDAC. A 2015 irin wannan giya mai gubar metanol ta kashe gomman mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas.

Duk wannan hanyar hukuma ce, kuma maƙwabci ma zai iya bin ta. Amma kai mai gida ne, abin da ke hannunka ya fi na kansul ƙarfi. Lasisi izini ne tsakanin mai shago da hukuma, bai shafe yarjejeniyar da ke tsakaninka da ɗan haya ba. Ɗauko takardar hayar ku ka karanta. In an rubuta cewa shagon na sayar da kayan masarufi ne, ko cewa ba zai yi abin da zai dami maƙwabta ba, to ya saɓa alkawari, kuma dokar haya ta Legas ta 2011 ta sa saɓa alkawari, da amfani da wuri ta haramtacciyar hanya, da damun jama'a, cikin dalilan da kotu ke karɓa ta mayar wa mai gida wurinsa. In ba ku rubuta komai ba, kamar yadda yawancin mutanenmu ke yi, a karɓi kuɗi a yi musabaha, har yanzu kana da hanyar notis. Inda yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, dokar ta ce mai biya wata-wata a ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan wata uku ko wata shida a ba shi na wata uku, mai biya shekara-shekara a ba shi na wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi na kwana bakwai mai sanar da shi za ka je kotu, sannan a shigar da ƙara. Ka ba lauya ya rubuta, kuma ka tambaye shi kafin ka karɓi ko sisi na haya bayan an ba da notis, don kuskuren kwanan wata ko karɓar sabon kuɗi na iya ba ɗan haya abin ja a kotu. Dokar ta shafi Agege, amma ba ta aiki a Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA, mai gida a can sai ya bi wani tsarin.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ɗaukar doka a hannu. Kada ka sa kwaɗo a shagon, kada ka yanke masa wuta, kada ka cire rufi ko ƙofa, kada ka turo samari. Dokar hayar nan ta mayar da fitar da ɗan haya da ƙarfi ko tsangwamarsa laifi, mai tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Garin neman gira sai a rasa ido: kai da ke da gaskiya ka koma wanda ake tuhuma, shi kuma ya zauna daram. Akwai kuma abin da ya fi tara muni. In samarin masallaci suka fusata suka farfasa kwalabe, kafin gari ya waye labarin ya zama Hausawa sun kai wa wani hari. Mazauna Idi-Araba ba su manta da 2002 ba, na Mile 12 ba su manta da Maris 2016 ba, kuma duka biyun daga ƙaramar hatsaniya suka faro. Ka ja kunnen yaran gidanka tun yanzu.

Ga yadda zan ba ka shawarar jera abin. Mako biyu na farko ka tara shaida kawai. Sayi ƙaramin littafi, kowane dare ka rubuta kwanan wata, lokacin da aka kashe kiɗa, lokacin da aka rufe shago, kimanin mutum nawa ke zaune, da abin da ya faru in an yi faɗa. Ɗauki bidiyo gajere daga cikin gidanka, ba tare da ka je ka haska fuskar mashaya ba, wannan neman rigima ne. Da safe ka ɗauki hoton katanga da kwata kafin a share. Bayan haka ka zauna da shi da rana, ba da dare ba lokacin da abokan cinikinsa ke kewaye da shi, tare da dattijo ɗaya daga ɓangarenka da ɗaya daga mutanensa. Ka zo da buƙata takamaimai wadda za a iya dubawa: a ɗauke benci, a daina buɗe kwalba a wurin, a kashe kiɗa ƙarfe tara, a rufe ƙarfe goma ko sha ɗaya. A rubuta, kowa ya sa hannu. Da yawa sukan yarda, domin shagon da ya kafu da abokan ciniki ya fi ribar awa uku na dare daraja, kuma ya san neman sabon shago a Agege, da kuɗin ejan da na agirimen, ba wasa ba ne. In kana son zaman ya yi nauyi, Cibiyar Sasanta Jama'a ta ma'aikatar shari'ar jihar Legas na yin sulhu kyauta, rikicin mai gida da ɗan haya kuwa shi ne abincinta na yau da kullum.

In ya ƙi, sai ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA. Kansul na jin maganarta fiye da ta mutum ɗaya, tunda rajista gare ta kuma 'yan siyasa na buƙatarta. Matsalar ita ce mutanenmu ba su cika zuwa taronta ba, sai abu ya ɓaci a tuna da ita. Ka je, ka biya kuɗin wata, ka nemi takardar koke ta fito da sunanta. Sa hannun mutum goma sha biyar da suka haɗa da Bayarabe, Inyamuri da Bahaushe, Kirista da Musulmi, ya fi na mutum hamsin 'yan sahu ɗaya a masallaci, don na farkon ba za a iya kiransa rikicin addini ba. Sanar da Sarkin Hausawa da Baale, wato mai unguwar Yarabawa, kada su ji daga baya. CDA na kuma da hannu a kan get ɗin layi: ƙa'idar jihar ita ce ana iya rufe shi daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba, da mai gadi a wurin don buɗe wa mai larura. Get da ke rufe kan lokaci na rage masu zuwa da babur daga wasu unguwanni.

Takardar koken ta zama shafi ɗaya, da Turanci: adireshin shago, abin da ake yi, tun yaushe, ajin lasisin da ya nuna, da abin da kuke nema, wato a zo a duba wurin, a hana sha a nan, kuma kada a sabunta lasisi sai an saurare ku. Haɗa hotuna da kwafin littafinka. Yi kwafi biyu na komai, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Takardar da ba ta da hatimin nan, gobe za a ce ba a gan ta ba. Lokaci ma na da tasiri: koken da ya shiga a Nuwamba ko Disamba, gab da sabunta lasisi, ya fi wanda ya shiga a Maris bayan an karɓi kuɗin shekara, don hukuma ba ta son mayar da abin da ya riga ya shiga asusu. Ka koma bayan mako biyu, ka tuntuɓi kansilan mazaɓarku, in shiru ta yi yawa ka aika kwafi ma'aikatar ƙananan hukumomi da ke sakatariyar gwamnatin jiha a Alausa. Na LASEPA ka kai shi daban a rana ɗaya. 'Yan sanda kuwa na faɗa ne da barazana da sayar da ƙwaya, a kira 112 ko 767 in abu ya taso da dare. Kiransu don batun lasisi kawai yakan ƙare ne da motar sintiri ta tsaya, a yi magana a gefe, kiɗa ya mutu na kwana biyu ya dawo.

Cikin masu karanta wannan akwai 'yan Arewa masu shaguna, daga Filato, Kudancin Kaduna, Taraba da sauransu, da ke sayar da giya ko ke shirin farawa. Ku nemi yardar mai gida a rubuce kafin ku sayi firij. Ku biya a banki da sunan kansul, kada ku miƙa tsabar kuɗi ga wanda ya zo da riga mai tambari ba katin shaida. Ku karɓi lasisin kansa ku manna a bango. In na saya-ka-tafi ne, kada ku ajiye benci. Ranar da kuka fara zaunar da mutane kun shiga sahun mashaya, da duk abin da ke biye da ita, har da harajin kashi 5 cikin ɗari da jihar ke karɓa a kan abin da aka ci ko aka sha a otal, gidan abinci da mashaya tun dokar 2009.

Hukuncin kuɗin hayar da kake karɓa daga shagon da ake sayar da giya, wannan na malamai ne, Alhaji, ka tambaye su. Ta fuskar takarda dai, kafin ka sabunta hayar wannan shago ko ka ba da ɗayan, lauya ya sa muku sharuɗɗa uku a yarjejeniya: irin kayan da aka yarda a sayar, da cewa ba za a sayar ko a sha barasa a wurin ba, da lokacin rufewa. A ƙara da cewa ɗan haya ba zai ba wani shagon ko ya canza sana'a ba sai da izininka a rubuce. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa, kuma duk rasit ɗin haya da za ka ba shi ka rubuta watan da kuɗin ya fara da watan da zai ƙare.